Dutsen da Ya Ci Madubi

Tun da aka naɗe tabarmin makoki gidan nan ya yi shiru, ni ma na yi shiru. In an kawo abinci in ci, in ba a kawo ba ba na tambaya. Wadda ta rasu 'yata ce ta fari, wadda ban taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa mata shi, kuma ba yau zan fara ba. Jinyarta ba ta yi tsawo ba, ta bar 'ya'ya har da jikoki, aka kai ta makwancinta. Mutane suna ta shigowa suna ba ni haƙuri, ina cewa na gode. Na laluba jikina in ji inda ke mini ciwo, ban samu ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Abin da ke ta dawo mini ba fuskarta ba ce, ba kuma muryarta ba. Ƙarar wani dutse ce a kan dutsen niƙa, wata safiya a Malali, ina yarinya ɗanya shataf da jego a jikina. Yo ina dalili? Ita dai zuciya ba a aikenta, inda ta ga dama nan take zuwa.

Shekaranjiya jikata, 'yar marigayiyar, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta shigo gyara mini ɗaki ta ga tandun kwallina a bakin taga. Ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera. Ta ce, "Hajiya Kaka, har yanzu kina sa wannan abin? Dalma ce fa a ciki. Guba ce, balle ga jarirai. Mu yanzu hanawa muke yi." Na ce to. Ban yi mata musu ba, ita ta yi karatun, kuma ƙila da gaskiyarta, don ko Babana yakan ce tozali da dalma 'yan gida ɗaya ne, nauyinsu ma ya isa shaida. Sai dai abin ya zo mini wani iri. Dutsen da muka sani shi ne na gaskiya, wanda muke tsoron jabunsa, yau an wayi gari shi kansa abin gudu ne. Ta jefa tandun a jakarta ta tafi da shi, ban hana ta ba.

Babana a babbar kasuwar Kaduna yake da rumfa, kayansa kuwa duk abin da aka haƙo daga ƙasa ne: tozalin da ake niƙawa a yi kwalli, kanwa fara da ja da ungurnu, alif na kwantar da ruwa, farar wuta, farar ƙasa, da gishirin arewa mai zuwa a dunƙule. Gidanmu a Unguwar Shanu yake, ɗaki biyu da zaure, ko'ina ka shafa sai ka kwaso garin kanwa. Mahaifiyata ta rasu ban san ta ba, yayyena duk sun koma tun suna goye, ni kaɗai na tsaya, ga ni auta. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. In fatake sun sauke masa kaya ba ya kai su rumfa sai ya zazzage su a tsakar gida a kan buzu ya tantance. Da hantsi yake yi, lokacin da jirgin ƙasa ke kuka daga can nesa, 'yan ga-ruwa na wucewa ta lungu suna kaɗa garwa, maƙwabta na daka, rediyon wani tela na ta surutu shi kaɗai. Ya miƙe ƙafa, ya jera 'yan kayan aikinsa a gefe: ƙaramar wuƙa, ɓallin farantin tangaran, guntun gilashin taga, da wani maganaɗisu da ya ciro daga mataccen rediyo. Ni kuma in durƙusa a gabansa, aikina in miƙo, in kwashe, in share. Sa'o'ina mata suna can suna wasan gaɗa da 'yar tsana, ni ina nan hannu baƙi ƙirin. Ban ji an cuce ni ba, ko kaɗan.

"Mutane na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima," in ji shi. "A kan hatsi ke nan, Uwata. A kan dutse, ido ne farkon wanda ake cuta." Don haka shi ba ya fara tambayar ido. Tafin hannu yake fara tambaya, ya ɗan jijjiga dutsen ya ji ko nauyinsa ya yi daidai da girmansa. Sannan farce, in farce ya kasa sai wuƙa, in wuƙa ta kasa sai gilashi. Ya goga shi a bayan tangaran ya ga launin zanen da ya bari, don dutse yakan yi ƙarya da rigarsa amma ba ya iyawa da garinsa. Ya fasa ya ga yadda ya tsage. Harshe shi ne na ƙarshe, shi ma sai a kan farare. Farar ƙasa farce ke cinta, in ka ɗora ta a harshe sai ta manne. Alif da gishiri da farar kanwa in an ajiye maka su a duhun rumfa sai ka rantse uwarsu ɗaya, harshe ke raba gardama: alif bauri gare shi, ya tattare maka baki, kanwa da santsi-santsi kamar ka lashi sabulu, gishiri kuwa ai gishiri ne. Ƙanƙara ma, ta dutse, fara ce, amma ba ta da ɗanɗano, wuƙa ba ta cinta, in ka ƙyasta ta da ƙarfe sai tartsatsi. Farar wuta, wadda ban san wane makaho ya raɗa mata fara ba don rawaya ce shar, ita na fi so. In na dunƙule ta a hannu ta ji ɗumi, na kai kunne, sai in ji tana ƙas-ƙas a hankali kamar mai son yin magana. Sai Baba ya yi dariya ya ce, "Me ta ce miki?" In ce cewa ta yi a saya mini alewa.

Amma tozali shi ne sarkin rumfar, kuma a kansa Baba ba ya wasa, don ido ake kai shi. Tozalin gaskiya ya fi girmansa nauyi, ɗan mitsitsi sai ya ja maka hannu ƙasa. In an fasa shi ba ya tarwatsewa yadda ya ga dama, kusurwa-kusurwa yake ɓallewa kamar ƙwayar sukarin kwali, kowane gefe sumul yana ƙyalli. Bakin wuƙa na shiga jikinsa ba gardama. In ka ja shi a kan gilashi sai dai ya shafa baƙi, ka sa yatsa ka goge ya fita. A kan dutsen niƙa kuwa ba ya ko tari, lumus yake narkewa. Wata rana wani bafatake ya kawo buhu, Baba ya sa hannu ciki, sai na ga ya rufe ido yana ware wasu gefe. A idona duk ɗaya ne, baƙaƙe masu walƙiya. Ya ɗauki guda daga waɗanda ya ware ya kai wa maganaɗisu, caraf ya manne. Ya ja shi a kan gilashin nan, na ji ƙiii har cikin haƙorana, ya goge da yatsa, zanen na nan daram. Ya ce, "Kin ji ko? Dutsen ƙarfe ne wannan. Kama da wane ba ta wane. Ko kwana aka yi ana niƙa shi, garinsa yashi ne mai kaifi. Abin da ya ci gilashi, Uwata, me zai bar wa ido?" Bai yi wa bafataken faɗa ba, ya ce ƙila shi ma haka aka ba shi.

Yanzu wa ya san wannan? Na shiga kasuwar nan bara, jikana ya kai ni a mota, na nemi layin su Baba na rasa ko ta ina yake. Robobi ne da wayoyi da kayan kanti. Kwalli ma a fensir yake zuwa, da rubutu a jiki, yarinya ta karanta ta yarda. Gishiri a leda, kanwa a leda, kowa ya miƙa kuɗi ya karɓa bai taɓa ba, bai shinshina ba. Ba na cewa sun yi laifi. Hannunsu dai ba ya sanin komai, shi ke nan.

Haka kuma kunyar ɗan fari, ita ma ta bi layin su Baba. Yanzu yarinya za ta haihu yau, gobe ka gan ta ta rungume abinta a gaban surukai tana sumbata, tana ɗaukar hoto a waya, tana kiran suna gatsal. Tabɗi! Mu a lokacinmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ba ka tashi sai an ce tashi, nono ma sai an yi ta fama da kai kana sunkuyar da kai. In ya faɗi a gabanka ka kau da ido wani ya ɗaga. Wadda ta nuna damuwa a kan ɗan fari ta shiga bakin duniya ke nan, har ta tsufa ana ba da labarinta a gidan biki. Ba wai babu so ba ne. So ɗin ne ake binnewa, kuma wasunmu mun iya binnewa har mu manta inda muka haƙa.

An kai ni Malali a shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, motoci suka koma hannun dama. Malali ta lokacin ba wannan ba ce, gonaki ne da itatuwan mangwaro tsakanin gidaje, in damina ta yi nisa kana kwance kana jin kogi yana gurnani. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, mutum mai sanyi, kullum da safe ya ɗaure ƙafar wando ya hau kekensa. A gidan mahaifinsa muke zaune, Alhaji, dattijo mai kwarjini wanda in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Cikin gida kuwa mulkin Gwaggo ne, ƙanwar Alhaji, ita ta reni maigidana bayan rasuwar mahaifiyarsa. Mace ce mai baki, mai dariya, mai tsokana, ba ta da mugunta amma ba a taɓa kayar da ita a magana ba. Ina da ciki Baba ya kwanta, bai tashi ba. Aka sayar da rumfar, 'yan kayan aikinsa ban san wanda ya share su ba. Abin da ya rage mini na hannunsa wani ɗan madubi ne mai murfin ƙarfe da ya sa mini a kayan aure. Da yake ba ni da gidan da zan koma wanka, a ɗakina na haihu, Gwaggo ce ta karɓi haihuwar, ita ke mini wankan jego. Mace aka samu.

To, shekarar da ta gabaci haihuwar Alhaji ya sauke farali, ya dawo da tsaraba, a ciki har da wani dunƙulen dutse baƙi mai ƙyalli, naɗe a farin ƙyalle. Ya ce tozalin Makka ne, ya saya a hannun wani mai shimfiɗa a bakin hanya, kuma ya yi alkawari ba idon da zai fara shansa sai na jikansa na fari. Ya kulle shi a akwati, ni ko ganinsa ban taɓa yi ba. Ana gobe suna, da safe, na fito daga wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, jikina duk ya mutu, ina kwance ina kurɓar kunun kanwa, jaririyar na gefe a cikin zani ina yi kamar ban san da ita ba. Sai na ji Gwaggo ta jawo dutsen niƙa ƙofar ɗakinta ta fara niƙa rabin dutsen nan na Alhaji. Ƙiii. Ƙiii. Na ajiye ludayin. Na ji tana cewa, "Kai, wannan tozali da taurin kai yake! To, ai dole, na ƙasa mai tsarki ya fi namu ƙarfi." Matan gida suka ce ƙwarai kuwa. Ta ci gaba, tana yayyafa ruwa tana nishi. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, don na san tozali ba ya kuka.

Na tashi kamar zan zaga bayan gida, na bi ta gefenta, na taka wani ɗan ɓalli da ya yi tsalle, na ɗauke shi da yatsun ƙafa. Da na dawo ɗaki na saki labule na ɗora shi a tafin hannu. Da nauyinsa, amma ba irin nauyin nan mai jan hannu ba. Na duba inda ya ɓalle, ba kusurwa ko ɗaya, gantsal-gantsal yake kamar fasasshiyar kwalba. Na sa wuƙar yankan albasa, ta zame. Sai na ɗauko madubin Baba, na daɗe ina riƙe da shi, don ba na son amsar da na riga na sani. Na ja. Na goge da yatsa, na tofa miyau na sake gogewa da bakin zani. Zanen na nan, ya raba fuskata biyu. A lokacin ne na waiwaya na dubi yarinyar sosai, karo na farko tun da ta faɗo. Idonta a buɗe, fari tas, tana kallon rufin ɗaki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko a kan gwiwa.

Da la'asar maigidan ya tsaya a bakin ƙofa yana mini sannu, bai shigo ba, shi ma kunyar ta hana shi ko leƙa fuskar 'yarsa. Na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, dutsen nan na Alhaji ba tozali ba ne. Kada a sa wa yarinyar nan." Ya waiwaya hagu da dama kamar na ce mu yi sata. Ya ce, "Ki rufa mini asiri don Allah. Ni zan je in ce wa Alhaji tsarabar Makka jabu ce? Kuma a kan wa, a kan 'yar fari? So kike a ce mun haɗa kai ni da ke mun yi rashin kunya?" Na nuna masa madubin. Ya duba, ya ce Allah zai tsare, ya tafi karɓar ragon suna. Na yi tunanin in zubar da garin, to Gwaggo ta ɗura shi a tandu ta ƙulle a bakin zaninta, kuma rabin dutsen na nan a akwatin Alhaji, in na zubar yau gobe a niƙa wani.

Ranar suna da safe, bayan an shafa fatiha a ƙofar gida maroƙi ya faɗi sunan, mata suka cika tsakar gida. Aka yi wa jaririya wanka, aka shafe ta da mai, Gwaggo ta ɗora ta a cinya ta kwance tandun. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi, kaina a ƙasa, na ce, "Gwaggo, kamar dai kwallin nan bai yi laushi ba. Dutsen ya ci mini madubi."

Ta tsaya da tsinken kwalli a hannu, ta dube ni, sai ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Jama'a ku zo ku ji sabon salo! Amaryar zamani, ko cibiya ba ta gama warkewa ba ta fara gadin idon 'yar fari!" Gida ya ɗauki dariya. Wata ta ce, "Ke ko kunya!" Wata ta ce ai gobe ma sai ta goya ta ta zaga unguwa. Gwaggo ta ce, "Yarinya, na sa wa jarirai kwalli tun uwarki na tallan gyaɗa. Madubi daban, ido daban. Wannan daga ƙasar Annabi ya fito, ko makaho aka sa wa sai ya ga hanya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta tsoma tsinken a tandu, ta juya, ta zaro shi baƙi ƙirin, ta sa babban yatsa ta ja fatar idon yarinyar ƙasa.

Ban shirya abin da na faɗa ba, bakina ne ya yi gaba. Na yi 'yar dariya na ce, "To Gwaggo, ni fa? Mai jego ba ta da rabo a albarkar Makka? Ai da babba ake farawa." Aka sake kwashewa da dariya, wannan karon ta jin daɗi. "Ato, yanzu kika yi magana! Ashe kishi take da 'yar!" Gwaggo ta miƙo mini tandun da tsinken tana cewa in yi sauri kada in cinye. Na sake tsomawa na ciko shi fal. Na san abin da zai faru, ba zan ce ban sani ba. Na zaɓi idon hagu don da na dama na fi gani. Na ja tsinken can ciki, na rufe idon, na sa gindin tafin hannu na murza da ƙarfi, na sake murzawa, don ina son abin ya fito fili yadda ba mai iya cewa raki ne.

Kamar an daka kwalba an zuba mini. Ban yi ihu ba, wadda ba ta yi ihu a naƙuda ba ai ba ta yi a kan kwalli ba. Na dai dafe ƙasa. Da suka ɓamɓare hannuna ruwan da ke zubowa ba baƙi kaɗai ba ne, da ja a ciki. Gida ya ɗauki salati. Da ɗaya idon na ga Gwaggo ta lakaci garin ta kai bakinta ta tauna, na ji ƙas a haƙorinta daga inda nake. Ta tofar. Ta dubi jaririyar da ke cinyarta, ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ranar abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Innalillahi. Garin gyaran gira." Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙa wa wata mata jaririyar, ta tashi da kanta ta juye tandun a masai, ta aika maƙwabta aka aro kwalli irin namu na kasuwa, ta murza shi a bayan hannunta, ta ɗanɗana, sannan ta sa wa jaririyar.

Alhaji ba wanda ya gaya masa. An ce masa mai jego ce ciwon ido ya kama, sauran dutsen kuma Gwaggo ta karɓa ta ce za ta adana, ba a sake ganinsa ba. Idon nawa ya kumbura ya rufe. Aka yi ta wanke shi da ruwan sanyi, ana tatsa mini nonona ana ɗigawa a ciki, nonon da ita yarinyar ke sha. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, don haka sai bayan arba'in maigidan ya kai ni asibiti. Likita ya haska, ya girgiza kai, ya ce an makara. Hakiya ta riga ta zauna. Tun daga ranar idon ba ya ganin komai sai haske da duhu, kuma ba ya daina ruwa, rani da damina, ina da ɗan ƙyalle a hannu kullum. Maigidan bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ya dai sayo mini baƙin tabarau, na sa a ƙasan akwati. Gwaggo ma ba ta taɓa ba, sai dai daga ranar ba ta sake tsokanata ba, kuma in an raba nama sai in ga tsoka a kwanona. Shi kuwa Alhaji, in ya ɗora jikarsa a cinya a zaure sai ya ce wa baƙi, "Kun ga ido? Tozalin Makka ke nan." Mu a cikin gida muna ji, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Da aka yaye ta Gwaggo ce ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ni Yaya take ce mini har ta yi furfura. Idon kuwa Allah ya ba ta. Ɗinki ta koya, ta yi ta zanen hula da aikin wuyan riga, irin mai ƙananan ido ɗin nan da ke makantar da mutane, ita ko tabarau ba ta taɓa sawa ba. In ta zo gaishe ni ta tarar ina fama da zare da allura sai ta ce, "Kawo, Yaya," ta zura tashi ɗaya ba ta ko matso kusa da haske ba, ta miƙo mini. Ni kuma in karɓa ban dube ta ba, in ce an gode. Sau ɗaya ta taɓa tambayata, tana budurwa, muna tsince shinkafa. Ta ce, "Yaya, wai me ya sami idonki?" Na ce kwalli ne. Ta yi dariya ta ce, "Ke ma dai da son kwalliya." Na ce ato.

Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma duk waɗanda suka san saura sun riga ta tafiya. Madubin na nan a ƙarƙashin matashina, bayansa ya yi tsatsa, zanen bai goge ba. Jiya na ɗauko shi na bi zanen da farce, ina jira ko wani abu zai motsa a ƙirjina, bai motsa ba. Ina sonta. Ga shi na faɗa, yau da babu wanda zai yi mini guɗa, babu kuma ita.

Ɗazu wata maƙwabciya da ba ta sami zuwa makoki ba ta shigo yi mini gaisuwa. Ta zauna, ta ga ina ta goge fuska da ƙyallen nan, sai ta kama hannuna ta ce, "Haba Hajiya, ki daina kuka haka, addu'a take buƙata. Ashe dai 'yar fari ma ana yi mata kuka." Na ce mata na gode. Ban gaya mata ba kuka nake yi ba. Na hagun ne, shi dama tun ranar sunanta yake zuba. Na daman, mai ganin, har yanzu a bushe yake.